Daskarewa ko Kafewa? Tarken Fassarar Kalmar "Fossilization" da Yadda Ake Ɗora ta a kan Hausar Tamale

1.0 Gabatarwa

Daga cikin keɓaɓɓun kalmomin da ɗalibin harshe yake cin karo da su a darasin koyon harshe na biyu akwai kalmar Ingilishi "fossilization". Masana harshe aro ta suka yi daga masu nazarin duwatsu da halittun da suka shuɗe, waɗanda suke amfani da ita wajen bayyana yadda ƙashi ko itace ko sawun dabba yake wanzuwa a cikin ƙasa shekaru aru-aru bayan mai shi ya mutu. Idan aka zo fassara ta da Hausa, kalmar da ta fi saurin zuwa bakin malamai da ɗalibai ita ce "daskarewa". Daga nan kuma sai a riƙa ganin jimloli a cikin jingar ɗalibai masu nuna cewa Hausar da ake yi a Gana "daskararriyar Hausa" ce, wato Hausar waɗanda suka fara koyo suka tsaya a hanya.

Wannan takarda za ta bi diddigin kalmar, ta rarrabe ma'anoninta guda uku, ta auna kalmomin Hausa da ake fassara ta da su, sannan ta gwada ta a kan Hausar da ake ji a Tishigu, ɗaya daga cikin unguwannin birnin Tamale a arewacin Gana. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, Ingilishi ya haɗa abubuwa uku mabambanta a cikin kalma ɗaya, kuma babu abin da ya wajabta wa Hausa ta yi haka. Haka kuma Hausar al'ummar da ta gaji harshen daga iyaye ba ta shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba. Maganar tana da muhimmanci domin ɗalibin da ya tafi aikin tattara bayanai da gurguwar kalma a kansa, zai dawo da gurgun sakamako, kuma zai kira harshen uwa na wasu mutane kuskure.

2.0 Asali da Ƙirar Kalmar

Kalmar tana da gaɓoɓin ma'ana guda uku. Akwai saiwa "fossil", wadda suna ce. Akwai ɗafa-ƙeya "-ize" mai mayar da suna aikatau, sai kuma ɗafa-ƙeya "-ation" mai mayar da aikatau sunan aiki. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan tsani a harshensa:

(1) gurgu → gurgunta → gurguntawa
(2) tsoro → tsorata → tsoratarwa

Saiwar ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci daga Latin, inda "fossilis" take nufin abin da aka haƙo, daga aikatau "fodere", wato haƙa. A farkon al'amari duk abin da aka tono daga ƙasa yana iya ɗaukar wannan suna. Masanin ma'adinai Bajamushe Georgius Agricola ya wallafa littafinsa "De Natura Fossilium" a 1546, kuma galibin abin da ke ciki bayanin ma'adinai ne da duwatsu. Sai a ƙarni na 18 ma'anar ta ƙuntata, ta tsaya a kan ragowar halittu masu rai. Tsohuwar ma'anar ta saura a cikin sunan da Turawa suke kiran kwal da ɗanyen mai da iskar gas da shi, wato "fossil fuel", makamashin da aka haƙo.

Abin lura na biyu shi ne, sunan aiki mai "-ation" yana iya nufin aikin yana gudana, yana kuma iya nufin sakamakonsa bayan an gama. Wannan harshen damo ya biyo kalmar har cikin nazarin harshe, inda wani marubuci yake nufin dalilin da ke tsayar da mai koyo, wani kuma yake nufin halin tsayawar kanta.

3.0 Ma'anonin Kalmar Guda Uku

3.1 A ilimin duwatsu

Mafi yawan halittu idan sun mutu ruɓewa suke yi, ba su barin komai. Kafin wani abu ya saura, sai laka ko rairayi ya yi saurin binne gawar, ya raba ta da iska da namun daji. Nama yakan tafi, ƙashi da haƙori da ƙwarya su rage. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da narkakkun ma'adinai sai ya riƙa ratsa ƙananan kafofin ƙashin yana cike su, wani lokaci ma ya narkar da ainihin ƙashin sannu a hankali ya maye gurbinsa. Bayan dogon zamani sai a sami abu mai siffar ƙashi da nauyin dutse. Akwai kuma wasu hanyoyin: ƙwaro yakan maƙale cikin ƙaron itace, dabba takan wanzu cikin ƙanƙara, sawun ƙafa yakan bushe a laka, lakar ta zama dutse.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta suna da misalai sanannu a duniya. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Nijar, aka tono ƙasusuwan wani ƙaton kada da France de Broin da Philippe Taquet suka raɗa wa suna Sarcosuchus a 1966, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A yankin Ingal ƙungiyar Paul Sereno ta tono Jobaria, dabbar da tsawonta ya haura mita 15, aka bayyana ta a 1999. A ƙasar Sakkwato kuma an sami ƙasusuwan wata dabbar teku wadda masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo, shaidar cewa teku ta taɓa rufe wurin kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. Mai zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa a tsaye.

Abin da ɗalibi zai riƙe daga wannan sashe shi ne: rai ya fita, siffa ta zauna, abin da ke cikin siffar kuma sau da yawa an musanya shi. Ba a komawa baya.

3.2 A tarihin harshe

Masu nazarin tarihin harshe sun ari kalmar domin bayyana wata tsohuwar siffa da ta daina aiki a harshe amma ta maƙale a cikin wasu kalmomi ƙalilan. Wannan aro ya dace da asali ƙwarai, kuma Hausa cike take da misalansa.

Mu ɗauki "giji". Mutumin Kano na yau ba ya cewa zai tafi giji, amma kullum yana ambaton Ubangiji, kuma ya san uwargijiya. Masana irin su Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, sun nuna cewa "gida" a da jam'i ce, tilonta "giji". Da jam'in ya koma tilo sai aka ƙera masa sabon jam'i, "gidaje", tsohon tilon kuma ya saura a cikin harɗaɗɗun kalmomi. Haka ya faru da "kuɗi", wadda jam'in "wuri" ce. An daina ciniki da wuri, kalmar ta zauna, abin da ke cikinta ya koma ƙarfe, ya koma takarda, yanzu har ya koma lambobi a waya, kuma ita ma ta sami sabon jam'i, "kuɗaɗe". Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira a 1973, amma har yau wanda aljihunsa ya bushe yana cewa ba shi da ko sisi, ko anini, alhali matashin da ke faɗa bai taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba.

A ɓangaren furuci ma akwai su. August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920 yadda wasu baƙaƙe suka raunana a ƙarshen gaɓa. Shi ya sa ake samun irin waɗannan tagwaye:

(3) talaka / talauci
(4) ɓauna / ɓakane
(5) buzu / bugaje

A (4) da (5) jam'i ne ya adana tsohon baƙin da tilo ya rasa. A (3) kuma "k" ɗin "talaka" ce ta koma "u" a "talauci".

3.3 A koyon harshe na biyu

Ma'ana ta uku ita ce wadda ta fi yawo a tsakanin ɗalibai. Larry Selinker ne ya shigo da ita a maƙalarsa mai suna "Interlanguage" ta 1972. Ra'ayinsa shi ne, mai koyon harshe na biyu yana gina wani tsari nasa na kansa tsakanin harshensa na farko da harshen da yake nufa, kuma a wurin mafi yawan manya wasu sassan wannan tsari sukan tsaya cik, kome yawan bayanin da aka yi musu da kome daɗewarsu cikin masu harshen. Ya yi kirdadon cewa kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai suke kai wa matsayin ɗan asali. A cikin maƙalar ya ƙara da cewa hakan na iya faruwa ga al'umma ɗungurungum har a sami sabon karin harshe, ya ba da misali da Ingilishin Indiya.

Wannan ƙarin ne ya jawo suka. Robert Bley-Vroman a 1983 ya ja kunnen masu nazari game da auna tsarin mai koyo da ma'aunin wani harshe maimakon a dube shi a karan kansa. Kamal Sridhar da S. N. Sridhar a 1986, da Braj Kachru a rubuce-rubucensa, sun ƙi amincewa a ɗauki Ingilishin Indiya da makamantansa a matsayin koyon da ya gaza, domin masu yin sa ba Ingilishin Landan suke nufa ba tun farko. Michael Long a 2003 ya nuna cewa yawancin nazarce-nazarcen da suka yi da'awar sun ga wannan hali ba su bi mai koyo na tsawon shekarun da za su isa hujja ba, don haka ya fi son a yi maganar tsayawa wadda ka iya zama ta wucin gadi. ZhaoHong Han, wadda ta fitar da littafi sukutum a kan batun a 2004, ta jaddada cewa abin yakan shafi wasu sassan harshe ne, ba harshen mutum gaba ɗaya ba.

Ke nan ma'ana ta uku ta yi nisa da ta farko. Mai koyo yana da rai, harshen da ke bakinsa yana aiki, kuma babu mai iya rantsuwa cewa ba zai ƙara gaba ba.

4.0 Auna Kalmomin Hausa

Yanzu sai mu ɗora kalmomin da ake zaɓa a kan sikeli.

Daskarewa. Man shanu yana daskarewa da sanyi, jini yana daskarewa, kitse yana daskarewa a kan miyar da ta kwana. A duk waɗannan, abu mai ruwa-ruwa ne ya yi tauri, bai sauya asalinsa ba, kuma galibinsu da sun ji wuta za su narke. Ƙashi kuwa tun farko mai tauri ne, kuma abin da ya same shi musanya ce. Saboda haka kalmar ba ta dace da ma'ana ta farko ba. Ba ta dace da ta biyu ba, domin "giji" ba za ta narke ta dawo ba. A ma'ana ta uku ta ɗan yi kusa, sai dai tana ba da hoton cewa harshen mutum duka ya yi tauri lokaci guda, abin da masana suka ƙaryata.

Sandarewa da ƙandarewa. Waɗannan suna kawo hoton gawa ko busasshiyar fata. Suna nuna taurin jiki, ba su nuna daɗewa ko wanzuwar alama. Idan aka yi amfani da su ga mutum mai koyo kuma, sun zama zagi.

Zama dutse. Wannan ta kama hanya ɗaya daga cikin hanyoyin da aka lissafa a 3.1, amma ta bar ƙwaron da ke cikin ƙaro da dabbar da ke cikin ƙanƙara a waje.

Ɓurɓushin halittu. Wannan ita ce ake yawan ji a kafofin watsa labarai idan ana nufin "fossil". Amfaninta shi ne mutane sun fara sabawa da ita. Illarta ita ce ɓurɓushi ɗan abin da ya zuba ne daga gurasa ko ƙuli-ƙuli, kuma da wuya mai hankali ya tsaya gaban ƙashin cinyar Jobaria ya kira shi ɓurɓushi.

Fosil. Aro kai tsaye ba laifi ba ne, Hausa ta saba da shi, kuma kalmar ba ta yi wa harshe nauyi ba. A ajin kimiyya tana iya zama. Sai dai ba ta gaya wa mai sauraro komai, kuma idan aka nemi aikatau daga gare ta za a sha wuya.

Shawarar wannan takarda ita ce a raba. Ga ma'ana ta farko da ta biyu, Hausa tana da "kufai", wato wurin da gari ya tashi ya bar alamar ganuwa da marina da turakun gidaje. Rai ya fita, siffa ta zauna, kuma mai ido yana karanta tarihi daga abin da ya rage. Don haka ana iya cewa "kufan halitta" da "kufan kalma", aikin kuma "zama kufai". Mai suka zai ce kufai wuri ne, ba abu ba. Gaskiya ne, amma faɗaɗa ma'ana irin wannan ita ce hanyar da aka bi aka sami "saiwa" da "gaɓa" a nahawu, kuma ba ta kai nisan da Ingilishi ya yi daga haƙa rami zuwa kuskuren ɗan koyo ba.

Ga ma'ana ta uku kuwa, "kafewa" ta fi kowace. Mota tana kafewa a laka, ƙafa ɗaya ko biyu, sauran suna juyawa. Tana iya fita idan an tura, tana iya kwana a nan. Mutum ma yana kafewa a kan ra'ayinsa. Kalmar ta ƙunshi tafiya, da inda aka nufa, da tsayawa, ba ta kuma yanke hukuncin cewa an tsaya har abada ba. A kula da rubutu: "kafewa" dabam, "ƙafewa" ta rijiya dabam.

5.0 Gwaji a kan Hausar Tamale

Tamale garin Dagwamba ne, kuma Dagbani, wato Dagwambanci, shi ne harshen da ya mamaye gidaje da titunan unguwanni irin su Tishigu. Hausa tana nan tare da shi a zango, da kasuwa, da tasha, da wajen wa'azi, da tsakanin baƙin da harsunansu suka bambanta. Zuwanta yankin ya daɗe. Fataken goro daga Kano da Katsina sun yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, kudu maso gabas da Tamale. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa mazauna zangonta zuwa garuruwa da dama, cikinsu har da malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Kete-Krachi ya rasu a 1934. Turawan Ingila sun ɗauki Hausa harshen bariki a rundunarsu ta Gwalkwas, sannan a 1907 suka mayar da hedikwatar yankin arewa daga Gambaga zuwa Tamale, abin da ya jawo 'yan kasuwa da ma'aikata da sojoji. Gidan rediyon ƙasar Gana ya daɗe da sa Hausa cikin harsunan da yake watsa shirye-shirye da su, ko da yake ba ta cikin jerin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu.

Siffofin da ake yawan ambata na Gananci, waɗanda ba kowane mai magana yake da su duka ba, sun haɗa da:

(6) rashin bambanta jinsi: "yarinya ya zo", "rigan Amina";
(7) haɗe ɓ, ɗ, ƙ da b, d, k, ta yadda "kafewa" da "ƙafewa" za su fito iri ɗaya;
(8) furta ky kamar c, gy kamar j: "cau" a maimakon "kyau", "jara" a maimakon "gyara".

Dalilin (6) ba ɓoyayye ba ne. Dagbani yana da wakilin suna "o" ga mace da namiji duka, abin da yake bambantawa shi ne mai rai da marar rai. Harshen Twi ma ba ya raba mace da namiji a wakilin suna. Harsunan yankin kuma ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Babu musu cewa waɗannan siffofi sun samo tushe daga bakin mutanen da suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu. Tambayar ita ce ko tushen abu shi ne matsayinsa na yau.

Mu ƙaddara mutum uku a layi ɗaya a Tishigu.

Na farko yaro ne da aka haifa a gidan da Hausa ce harshen tuwo da faɗa da wasa, kamar yadda take ga iyayensa da kakanninsa. Yana cewa "yarinya ya zo". Wannan yaro bai kafe ba, domin ya isa inda ya nufa. Harshen da ya ji shi ya koya, ya kuma koye shi cikakke, da karin sautinsa da habaicinsa da barkwancinsa. Kafewa tana bukatar wurin da aka nufa aka kasa kaiwa. Shi kuwa bai taɓa nufar Kano ba.

Ta biyu Badagwamba ce mai sayar da hatsi, wadda ta koyi Hausa da girmanta saboda ciniki. Ita mai koyon harshe na biyu ce, don haka ana iya tambaya ko ta kafe. Amma da wane ma'auni? Hausar da take ji ita ce ta kasuwar Tamale. Idan ɗalibi ya zo da littafin nahawun Daidaitacciyar Hausa ya ƙirga mata "kurakurai" a jinsi, ya faɗa ramin da Bley-Vroman ya yi gargaɗi a kansa, domin ya ƙirga abin da malamanta na kasuwa su ma ba su yi. Ko da ma'aunin ya yi daidai, hira ɗaya ta rabin sa'a ba ta isa ba. Sai an dawo mata bayan shekaru an ga abin da ya motsa da abin da bai motsa ba.

Na uku Bakano ne da ya yi shekara ashirin yana kasuwanci a garin. Yana gaisuwa da Dagbani, yana ciniki da shi, amma jam'in sunaye da karin sauti sun gagare shi tun shekararsa ta uku, kuma yana nan inda yake duk da cewa yana jin harshen dare da rana. A cikin mutum ukun, shi ne ya fi cika sharuɗɗan Selinker. Abin mamaki shi ne ɗalibanmu ba su cika rubutu a kan irinsa ba. Wannan ya nuna cewa sau da yawa abin da ke jan alƙalami zuwa ga kalmar "daskarewa" shi ne tunanin cewa Hausa tana da gida ɗaya, sauran wurare kuwa masu kwaikwayo ne.

Ƙasar Hausa kanta ta rushe wannan tunani. A Zazzau da Bauci ana jin "rigan Musa" da "motan Audu" a bakin Hausawan da ba su da wani harshe sai Hausa, kuma ba wanda ya ce koyonsu ne ya tsaya. Idan kuma tsufan siffa ake bi, Basakkwace mai cewa "zamna" da "sabka" ya fi Bakano mai cewa "zauna" da "sauka" riƙe tsohon furuci. An gina Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano ne saboda dalilan mulki da ɗab'i, ta hanyar ayyukan hukumomin fassara da talifi na Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955. Zaɓi ne mai amfani ga rubutu da koyarwa, kuma malami yana da hujjar koyar da shi ga ɗan Tamale a matsayin ƙari a kan abin da ya zo da shi. Amma zaɓin bai mayar da sauran kare-kare kurakurai ba. Faransanci ma ya faro ne daga Latin a bakin mutanen da suke da wani harshe tun da fari, kuma babu mai kiran sa Latin ɗin da ya kafe.

Daga ƙarshe, abin da ya daskare ba ya motsi, Hausar Tamale kuwa tana motsi. Tana ɗaukar kalmomi daga Dagbani da Twi da Ingilishin Gana, tana kuma jin Hausar Kano ta finafinai da rediyo da wayar hannu. Mai nazarin da ya kwatanta maganar tsoho da ta jikansa a gida ɗaya zai ga bambanci.

6.0 Inda Kufan Hausa Yake a Tamale

Duk da haka, akwai wurin da ma'ana ta biyu take da aiki a garin, sai dai ba a bakin masu Hausa ba. A cikin Dagbani ne. Dubi waɗannan:

(9) shinkaafa ← shinkafa
(10) lahabali ← labari
(11) daliri ← dalili
(12) ashili ← asiri
(13) gaafara ← gafara

Wasu daga cikinsu asalinsu Larabci ne, sun bi ta bakin malamai da fatake. Badagwamben da bai iya Hausa ko kaɗan ba yana amfani da su a matsayin kalmominsa, sun bi ƙa'idojin furucinsa, kuma ba ya jin baƙuncinsu. A Dagbani rayayyun kalmomi ne. Ta fuskar Hausa kuwa sawu ne da ayarin fatake ya bari, mai nuna inda aka bi da abin da aka ɗauko: abinci, addini, labari, ladabi. Haka sunan unguwar Sabonjida a cikin Tamale, wanda kunnen Bahaushe yake jin "sabon gida" a cikinsa, gidan ya tsufa sunan bai sauya ba. Ko sunan kuɗin ƙasar, sidi, wanda aka fara amfani da shi a 1965, daga kalmar Akan mai nufin wuri aka samo shi, tafiyar da kalmarmu "kuɗi" ta yi ke nan daidai wa daida.

Waɗannan su ne suka cancanci a yi musu irin aikin mai tonon ƙasusuwa: a gano shimfiɗar da kowace kalma take ciki, a tantance wadda ta zo da fataken goro, da wadda ta zo da malamai, da wadda ta zo da bariki.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kalmar "fossilization" ta taso daga haƙa, ta ƙuntata zuwa ragowar halittu, sannan nazarin harshe ya are ta sau biyu, aro na farko ya dace da asali, na biyu kuma masu shi kansu suna jayayya a kansa. An ga cewa "daskarewa" ba ta cika ko ɗaya daga cikin ma'anonin uku ba. An ba da shawarar "kufan halitta" ga ilimin duwatsu, "kufan kalma" ga tarihin harshe, "kafewa" ga mutum guda mai koyon harshe na biyu, bisa sharaɗin a faɗi harshen da ya nufa, da sashen da ya kafe, da tsawon lokacin da aka bi shi. Abin da al'umma ta gada take kuma gadar wa 'ya'yanta sunansa karin harshe, kuma da kayan aikin nazarin karin harshe ake tunkararsa.

Aikin ɗalibi: (a) Kawo kufan kalmomi guda biyar daga karin harshenka, ka nuna inda kowace ta maƙale da abin da take nufi a da. (b) Nemi mutum biyu a unguwarku, ɗaya wanda ya tashi da Hausa a wajen ƙasar Hausa, ɗaya wanda ya koye ta da girma. Kafin ka rubuta komai a kan maganarsu, tambayi kowannensu daga bakin wa ya koya, da kuma Hausar wa yake ganin ta fi daɗi. (c) Idan kana ganin "kufai" ko "kafewa" ba su dace ba, kawo madadinsu tare da hujja, za a tattauna a aji.